Kalifoniya ko Fulorida: wa ake ba damar fara rajistar kwasa-kwasai?

Hajiya, kin ce maigida ya bar aikin sojan Amurka, kuma tun kafin ya ajiye kaki ya mayar wa 'yarku da tallafin karatunsa na GI Bill. Yarinyar na son karatun jinya, kuna tsakanin Kalifoniya da Fulorida, shi ne kike tambaya ina za a bar ta ta yi rajistar kwasa-kwasai kafin sauran ɗalibai.

Amsar dai Fulorida ce, amma bari in faɗa miki dalili. Wannan gata ba GI Bill ne ke ba da shi ba. Gwamnatin tarayya kuɗi take biya. Dokar Colmery ta 2017 ma abin da ta yi shi ne sa Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta riƙa nuna makarantun da ke ba da gatan a shafinta na kwatanta makarantu. Wanda zai shiga gaba kuwa, jiha ce ko makaranta ke yankewa.

Kalifoniya mutumin take dubawa. Sashe na 66025.8 na dokar iliminta ya wajabta wa kwalejojin al'umma da jami'o'in CSU (Jami'ar Jihar Kalifoniya) su sa soja ko tsohon soja mazaunin jihar a sahun farko wajen rajista na tsawon shekarun karatu huɗu, waɗanda zai yi amfani da su cikin shekara 15 bayan ya bar aiki. Ko yana cin tallafi ko ya cinye shi, ba a tambaya. Jami'o'in UC (Jami'ar Kalifoniya, ɗaya rukunin jami'o'in gwamnatin jihar) kuwa roƙonsu dokar ta yi, ba tilas. Sashen bai ambaci mata ko 'ya'ya ba, don haka 'yarki sai abin da makarantar ta ga dama.

Fulorida tallafin take bi. Sashe na 1004.075 na dokokinta ya ce duk kwaleji ko jami'ar gwamnati da ke ba wani rukunin ɗalibai damar fara rajista, dole ta ba tsohon sojan da ke karɓar GI Bill, haka ma matarsa ko ɗansa da aka mayar wa tallafin. Kin ga 'yarki ta shiga ke nan. Da maigida ne da kansa zai koma aji bayan tallafinsa ya ƙare, da na ce muku Kalifoniya. Makarantun kuɗi fa babu ruwansu da dokokin nan biyu.

Kada ki ɗauki abin da wasa. Watanni 36 ne kacal tallafin, kuma kwas ɗin da ke cikin tsarin digirin ɗalibi kaɗai ake biya. Masu shirin shiga jinya sun san yadda ajin ilimin sassan jikin ɗan Adam yake: kujerun ɗakin gwaji kaɗan ne, ana buɗe rajista da safe, kafin azahar sai jerin masu jira. In ta rasa shi, ba za ta cike gurbin da kowane irin kwas ba. Ga kuma kuɗin gida na wata-wata da ke cikin tallafin, wanda ba a bayarwa sai ɗalibi ya haura rabin cikakken karatu. Inda cikakken yake kiredit 12 (ma'aunin yawan kwasa-kwasan da ɗalibi ya ɗauka), mai 6 ba ya samun ko sisi, mai 7 yana samun wani kaso. Kwas ɗaya ya kuɓuce, kuɗin haya ya bi shi, watanni kuma suna tafiya. Ita ma tana da nata wa'adin, domin 'ya'ya ba sa cin tallafin bayan sun cika shekara 26.

A kowace jihar, kada ta zauna jira. Ta miƙa takardar shaidar cancanta ga jami'in da ke kula da takardun tsofaffin sojoji a makarantar tun ana ba ta gurbi, ta tambaye shi ranar da za a buɗe mata rajista, ta kuma tabbatar babu wani bashi ko takardar rigakafi da ta rufe mata shafi kafin ranar.