Gargaɗi ga masu sayen waya a Legas: in aka ce maka "haka ta fito daga kamfani", riƙe kuɗinka tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na 'yan'uwanmu ne mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da Obalende, da kuma waɗanda ke Arewa suna turo kuɗi a saya musu waya a Ikeja a ba direba ya kai. Akwai wata cuta da ake yi wa mutane a harkar waya, kuma ta fi kama mai neman sabuwa dal a kwali. Waya ce da wani ya riga ya riƙe, ko wadda aka mayar wa kanti a ƙasar waje, ko wadda aka buɗe aka canza mata kaya, sai a goge ta, a mayar da ita kwali, a liƙe, a sayar maka da kuɗin sabuwa. Ranar da idonka ya kai ga karcen da ke jikinta ka koma, amsar tana nan a ajiye tana jiranka: laifin kamfani ne, duk haka suke fitowa.

Wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a Mile 12 ya faɗa hannunsu kwanan baya. A sitatus ɗin WhatsApp ya ga tallar, kuɗin ya yi ƙasa da na manyan kantuna da abin da ya kai a ce an samu sauƙi, amma bai yi arhar da za ta sa mutum zargi ba. Wanda ya sa tallar Bahaushe ne ɗan'uwansa, shi ya tarye shi a ƙarƙashin gadar Ikeja, ya ratsa da shi cikin Computer Village, babbar kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, zuwa wani ɗan shago a saman bene. Aka ɗauko kwali a liƙe, aka juya masa shi gaba da baya, ya yi turansifa. Alat na shiga sai mai shagon ya ce, "Alaji, kawo a sa maka gilashi da riga, kyauta ce daga gare mu." Yaron shago ya karɓi kwalin ya shige ciki, ya dawo da waya sanye da riga baƙa mai kauri, an manna mata gilashin kariya, tana ta sheƙi. Sai da aka kwana biyu ya cire rigar zai goge ƙura, ya ga bakin wurin caji duk ya ƙuje, kusurwa ɗaya ta ɗan lotsa, ga wani siririn karce a ƙarƙashin gilashin da aka manna.

Da ya koma ba a yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya kashe masa jiki. Mai shagon ya ba shi kujera, ya ɗauko tasa wayar ya buɗe masa bidiyon Turawa suna kukan sababbin wayoyinsu sun karce. "Alaji, ba ka bin labarai ne? Har a Amurka kukan da ake yi ke nan. Ni ba ni na ƙera ta ba." Da ya matsa, sai magana ta juya: ai waya ta kwana a hannunka, wa ya san inda ka ajiye ta? Aka nuna masa ƙasan rasit inda aka buga cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya. Dillalin da ya kawo shi kuwa ya riga ya karɓi kamashonsa, wayarsa ba ta shiga.

Abin da ya sa ƙaryar take cin mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Sabuwar waya tana iya fitowa daga masana'anta da tabo. A 2012, da aka fitar da iPhone 5, masu saye da yawa sun buɗe kwali sun tarar da gefen baƙar ya ɗan ɓantare tun ba su taɓa ta ba, har Apple ya tsananta binciken inganci a masana'antun Foxconn da ke haɗa masa wayoyi a Chaina. A 2016 kamfanin da kansa ya rubuta a shafinsa cewa iPhone 7 baƙa mai ƙyalli za ta iya nuna ƙananan karce idan ana amfani da ita, ya ba da shawarar a sa mata riga. A watan Satumban 2025 ma an yi ta surutu a kan iPhone 17 Pro, musamman mai launin shuɗi mai duhu, saboda jikinta na alminiyon ne, kuma gefen tudun kyamarar yana saurin ƙujewa. Waɗannan duk sun faru. Amma lura da abu guda: a can, wanda ya buɗe kwali ya ga tabo, kanti yake komawa a canza masa ko a ba shi kuɗinsa. A nan kuwa labarin ake ɗaukowa a toshe maka baki da shi. In da gaske daga kamfani ne, to mai shago yana da wanda ya saro a wurinsa, sai ya mayar masa. Me ya sa asarar za ta tsaya a kanka?

Ni ba karcen ne ya dame ni ba. Mutum zai iya riƙe waya mai tabo shekara da shekaru tana yi masa aiki lafiya. Abin tsoron shi ne abin da karcen yake nunawa. Wayar da jikinta ya nuna an riƙe ta, batirinta ma an riƙe shi, garantinta ya fara tafiya ko ya ƙare, wataƙila skirin ɗin ba nata ba ne, wataƙila ta taɓa shan ruwa. Kuma garantin Apple na shekara 1 bai shafi karce da lotsawa ba, a rubuce yake cikin sharuɗɗansa, haka galibin kamfanoni suke. Wato da zarar ka fita daga shagon, babu wanda zai saurare ka a kan tabo.

Tabon masana'anta da tabon hannu ba su yi kama ba, in ka san inda za ka duba. Na masana'anta yawanci guda ne tilo: ɗan ɗigo a fenti, ko ƙura da ta maƙale cikin gilashin kyamara, ko wuri ɗaya da launi bai hau daidai ba, sauran jikin kuma tsaf. Tabon hannu yana taruwa ne a wuraren da hannu yake zuwa kullum. Duba bakin wurin caji, nan ne kan caja yake goga duk dare idan mutum yana lalube a duhu. Duba ramin da ake tsira allura a fitar da sim. Haska tocila cikin ramukan sifika, sabuwar waya ba ta da dauɗa a nan. Duba ƙananan kusoshi biyun da ke ƙasan iPhone, in kansu ya ci ko ya yi haske to sukuddireba ta hau su. Karkata skirin a hasken rana yana kashe, za ka ga siraran layukan da fitilar shago take ɓoyewa. Bi gefen skirin da farce a hankali, in ka ji gam ko ka ga wani ɓangare ya ɗan ɗaga, an taɓa buɗe ta. Babu masana'antar da ke fitar da waya da dattin aljihu a cikin sifika.

Shi kuma kwali a liƙe, jama'a mu daina ɗaukarsa shaida. Injin naɗe kwali da leda ba wani abin wahala ba ne, kwalaye da takardun liƙi kuwa saro su ake yi kamar yadda ake saro riguna da caja. Ga wani abu da zai taimake ka: tun daga iPhone 13 a 2021 Apple ya daina naɗe kwalin iPhone da leda, wasu 'yan takardu biyu ne a bayan kwalin da ake ja su yage. Duk wanda ya miƙo maka 13 ko wadda ta biyo bayanta a naɗe cikin leda yana ce maka "ko buɗe ta ba a yi ba", ka san a nan aka naɗe ta. Su ma takardun ana yin jabunsu, saboda haka ganinsu ba ya wanke kowa.

Shaidar tana cikin wayar. Kunna ta a gaban mai shago, ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali harafi da harafi. In iPhone ce, shiga Settings, sai General, sai About. Lambar samfurin da ta fara da M ta wadda aka sayar sabuwa ce, F ta wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa ce, N kuma ta wadda aka ba wani a madadin tasa da ta lalace. A wannan shafin dai, in an canza batir ko skirin ko kyamara, wayoyin baya-bayan nan sukan nuna tarihin kayan da aka canza. Daga iPhone 15 zuwa sama har adadin cajin da batir ya sha ana gani. Sannan ɗauki siriyal lamba ka sa a shafin Apple na duba garanti da wayarka ta hannu, ba da wayar mai shago ba. In ya nuna garanti ya fara tafiya watanni da suka wuce, magana ta ƙare. Mai Samsung ya danna *#0*#, a yawancinsu wani allon gwaji zai buɗe, ya gwada ja da kore da shuɗi ya ga ko akwai mataccen ɗigo ko inuwar da ta ƙone a skirin, ya gwada taɓi da sifika da kyamara. Masu Tecno, Infinix da itel suna da Carlcare, wato cibiyar gyara da garanti ta waɗannan wayoyin, can ake duba matsayin garanti da lambar IMEI. Ƙwararrun maƙaryata suna iya taɓa wasu daga cikin bayanan nan, shi ya sa ba a tsayawa a kan gwaji ɗaya. Su ne fa mutanen da ke ɗaukar iPhone XR ta 2018 su sa mata gangar jikin sabuwar Pro mai ido uku, a nesa ba ka bambance su.

Za kuma ka ji wasu kalmomi a bakinsu: "ofin bos ce", wato an taɓa buɗe kwalinta, ko "aktif ce amma sabuwa ce, kunna ta kawai aka yi". Babu laifi a sayar da irin waɗannan, kamar yadda babu laifi a sayar da 'yar Landan. Mutane da yawa a kasuwar nan da ita suke ci, suna faɗa maka gaskiyar abin da ke hannunsu, su nuna maka tabon da kansu, su yanka kuɗin da ya dace. Cutar ita ce a ɓoye maka sunanta har sai kuɗinka ya shiga, sannan da ka dawo a ce ai an gaya maka.

Maganar dillali ita ce ta fi yi mini ciwo. Mutuminmu yana shiga titin Otigba da ke Computer Village ya ji hayaniya, ana jan rigarsa ta ko'ina ana "aboki, zo ka gani", sai ya ji wani ya yi masa sallama da Hausa, nan take hankalinsa ya kwanta ya saki jiki. Sun san da haka, shi ya sa wasu shagunan suke ajiye yaranmu a bakin hanya. Ba duka ne macuta ba, akwai masu amana da suka shekara suna saya wa mutane kaya ba a taɓa jin kansu ba. Amma wanda ba shi da shago, ba shi da rasit da sunansa, ba ka san wanda ya san shi a unguwa ba, yaren da ya yi maka ba zai dawo maka da kuɗi ba. In ya ce ka tura kuɗi asusunsa shi zai ba mai kaya, ka ƙi. Sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan da ke kan rasit da allon shago.

Masu aike daga Kano, Kaduna, Sakkwato da sauran garuruwa, ku ne kuka fi sauƙin cuta, domin tsakanin Legas da hannunku akwai direba, akwai ɗan tasha, akwai kwana a hanya, kowa zai ce ba shi ba ne. Kada ka yarda da bidiyon kwali a liƙe. Sa wani naka ya je da ƙafarsa, a buɗe a gabansa kana kallo ta kiran bidiyo, a nuna maka IMEI a skirin, ka rubuta, sannan a ɗora a mota.

Tsarin dai ɗaya ne ga kowa: kai za ka yage liƙin da hannunka, a kan kantar shago, wani yana ɗaukar bidiyo tun daga kwali a rufe. A yi yarjejeniya tun kafin a buɗe cewa in an ga tabo ko lamba ba ta dace ba, ciniki ya warware. Mai gaskiya zai iya cewa ka fara biya kafin a yage, wannan haƙƙinsa ne, amma a rubuta sharaɗin a rasit tare da IMEI da kalmar "sabuwa". Kada waya ta bar idonka ko na minti ɗaya, ko da sunan caji, ko da sunan sa gilashi. Kyautar riga ta jira sai ka gama dubawa.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada rubutun "ba a mayar da kuɗi" ya karya masa gwiwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta masa su ba, kuma tambarin roba a ƙasan rasit ba ya soke doka. Tattara rasit, shaidar turansifa, hoton tallar da hirarku ta WhatsApp tun kafin a goge. Fara da ofishin shugabannin kasuwa, ka tafi da wani babba daga cikin mutanenmu wanda ya iya bakinsu, domin sau da yawa a nan ake kashe magana. In abin ya faskara, akwai hukumar FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas, dukansu suna karɓar ƙorafin masu saye. Kafin nan kada ka kai wayar wurin mai gyara ya buɗe ta, kada ka ɓamɓare gilashin da suka manna, kuma kada ka yarda su karɓe ta "a kai wa injiniya ya duba" ba tare da takarda mai ɗauke da IMEI da sa hannun mai shago ba.