Robar gilashin bayan Datsun 240Z: zubin kamfani ko ta mita?

A Kano roba ce ke fara mutuwa a jikin tsohuwar mota, tun inji bai gaji ba. Zafin Afrilu da ke kai digiri 40 ya gasa ta, hunturu ya busar da ita har ta tsattsage, sannan ruwan Agusta ya zo ya tona asirin kowace tsaga. A mota irin Datsun 240Z, wadda Nissan ta fitar a 1969, abin ya fi muni, domin gilashin bayan a kwance yake a kan murfin but, rana na dukansa kai tsaye, ruwa kuma na taruwa a ƙasan robar maimakon ya gangare.

Robar da muke magana a kanta ita ce zagayayya guda ɗaya da ake odarta daga Amurka ko Japan, wadda aka zuba kusurwoyinta huɗu a masana'anta daidai da siffar gilashin. Da EPDM aka yi ta, wato nau'in robar da ke jure rana da iska. Tsagi uku gare ta: na gilashi, na leɓen ƙarfen murfin, da siririn da ƙarfen ado mai ƙyalli ke zama a ciki. Tana shiga 240Z da 260Z da 280Z masu kujera biyu. Mai kujera huɗu, wato 2+2 da aka fara a 260Z, gilashinta daban ne, don haka a duba kafin a biya kuɗi.

Kishiyarta ita ce robar mita, irin wadda ake yanko wa daga naɗi a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Ga bas da a-kori-kura masu faɗin kusurwa tana aiki, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Ga wannan gilashin ba ma ba da shawararta. Miƙaƙƙiyar roba idan aka tilasta mata kwana, leɓenta na waje ɗagawa yake yi, na ciki ya tattare, kuma nan ne ruwa ke bi. Ba ta da tsagin ƙarfen ado, sai a rasa inda za a mayar da shi. Ga kuma mahaɗa: mai sakawa yakan ja ta tana da ɗumi, bayan 'yan makonni ta koma tsawonta na asali, sai a ga gibin da yatsa zai shiga. Wanda dole ta sa ya yi amfani da ita, ya yanke ta da rarar santimita 2, ya cusa rarar, kada ya ja.

Zubin kamfanin ma tana da nata aibi. A naɗe take zuwa cikin ƙaramin kwali, don haka takan iso da lanƙwasa a wuri biyu ko uku. Babu alamar sama ko ƙasa, babu takardar bayani. Tsagin ƙarfen adon matsattse ne ƙwarai, kuma nan ne yawancin aikin ke lalacewa. Farin garin da ake gani a jikinta kuwa ba lalacewa ba ce, gogewa yake da tsumma. Kafin a karɓa a lanƙwasa ta sosai a duba ko za ta nuna ƙananan tsagu, alamar ta daɗe a ajiye, a kuma ja mahaɗarta da hannu biyu. Wadda aka narke aka haɗa ba ta motsi. Wadda aka liƙa da gam buɗewa take yi.

Wajen cire tsohuwar, roba ake yankawa. Kada a yi ƙoƙarin ceto ta. Gilashin nan gasasshe ne, ba ya tsagewa kaɗan-kaɗan kamar na gaba. Idan sukudireba ya taɓa gefensa da ƙarfi, gaba ɗaya yake dagargajewa kamar tsakuwa, kuma samun wani a garin nan sai an sha wuya. A fara zare wayoyi biyu na layukan ɗumama gilashi daga ciki. Daga waje a bi da kaifaffiyar wuƙa a yanke leɓen robar da ya rufe ƙarfen ado, a ɗago ƙarfen a hankali ba tare da ya lanƙwashe ba, domin idan ya karkace ba ya sake kwanciya daidai, kuma shi ke danne robar. Sai a yanke leɓen da ya riƙe gilashin, mutum ɗaya ya tura daga ciki da tafin hannu, wani ya tara.

Abin da aka tarar a ƙarƙashi shi zai nuna ko aikin na yini ɗaya ne ko na mako. Kusurwoyin ƙasa biyu su ne matattarar tsatsa. A kankare tsohon gam, a goge leɓen ƙarfen da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Idan akwai huda, aikin fanal-bita ne, a yi walda da sabon ƙarfe, ba ciko ba. A nan sai an sa ido: tsagin robar an yi shi ne daidai kaurin leɓen na asali, idan aka bar tudun walda ko aka lafta ciko, robar ba za ta hau ba, sai a ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba. A shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bi da fentin mota, a bari ya bushe sarai. Ɗanyen fenti, igiyar da za a ja leɓen robar da ita wajen sakawa kwashe shi take yi.

Ranar sakawa a shimfiɗa robar a rana kamar rabin awa, lanƙwasarta ta saki. Motar kuwa ta zauna a inuwa, kuma da safe ya fi, saboda wanda zai kwanta cikin but. A ɗora gilashin a kan katifa ko bargo, a fara sa kusurwoyi huɗu, sannan a bi gefuna. Za a ji ta ɗan matse, haka ake so. Wadda ta zauna sakwa-sakwa a kan gilashi ta yi girma, kuma ba za ta gyaru a jikin mota ba.

Yanzu ne lokacin ƙarfen ado, tun gilashin yana kan katifa. Da yawa suna barinsa sai ƙarshe, alhali da zarar robar ta hau murfin, tsagin nan matsewa yake yi, sai a koma tura ƙarfen da sukudireba, robar ta yage, fenti ya karce. A kan katifa kuwa, lanƙwasa robar baya kaɗan kawai za a yi tsagin ya buɗe baki, a zura ƙarfen, a ɗago leɓen da sandar filastik marar kaifi. A kama komai da tef ɗin takarda a wurare shida ko takwas don kada ya zame wajen ɗauka.

Igiyar ta zama ta nailan mai santsi, kaurin milimita 4 zuwa 5, tsawonta zagayen gilashin da ƙarin mita ɗaya. Siririya yanka roba take yi, mai kauri kuma ba ta barin gilashin ya kusanci ƙarfe. A cusa ta cikin tsagin robar da leɓen ƙarfe zai shiga, ta zagaye duka, bakunanta biyu su gitta juna da kamar santimita 20 a tsakiyar ƙasa, a manne su a cikin gilashin da tef.

Man da za a shafa shi ne inda ake yawan kuskure a garejinmu. Baƙin mai, giris, kananzir da man shafawa mai kauri duk daga fetur suke, kuma EPDM kumbura take yi ta yi laushi idan ta sha su. Man birki ba ya cutar da ita, amma yana cin fenti. Ruwan sabulu mai ɗan kumfa ya isa, ko gilisarin na kemis, wanda ya fi dacewa da lokacin hunturu tunda ba ya saurin bushewa.

A ɗora gilashin a daidaita shi, tazarar hagu da dama ta zo ɗaya, domin da an fara jan igiya ba ya matsawa. Mutum biyu ake buƙata: na waje ya danna da tafin hannu a buɗe, daidai inda igiyar ke fita. Dannawa, ba duka ba. Na ciki ya ja igiyar zuwa tsakiyar gilashin, ba zuwa kansa ba, taƙi ɗaya ta hagu, taƙi ɗaya ta dama. A kusurwa ya riƙa juya hannu kamar mai dama fura, a hankali, leɓen zai hau da kansa. Idan igiya ta yi tauri a tsaya a ƙara sabulu. Jan ƙarfi shi ke yaga leɓen ciki. Idan an kai sama aka ga gefe ɗaya ya ƙi zama, a fitar da gilashin a sake daga farko. Minti 20 ne, ya fi asarar gilashi.

Bayan kwana biyu ko uku a rana robar takan kwanta, leɓen kusurwa da ya ɗan ɗaga ya sauka. Sannan ne za a gwada da ruwa: a zuba daga sama da buta ko tiyo marar ƙarfi, wani yana ciki da tocila. Inda ya ɗiga, a ɗaga leɓen waje a matsa gam ɗin butil, baƙin nan da ba ya daskarewa. Silikon ɗin masu gilashin gida, mai warin tsami, asid yake fitarwa yayin bushewa, ya sake tayar da tsatsar da aka sha wahalar kashewa. Gam ɗin liƙa gilashin motocin zamani kuma zai kama robar da ƙarfen har abada, ranar cirewa sai an yi ɓarna.

Robar zubin kamfani ta cancanci kuɗinta ga duk wanda leɓen ƙarfensa ke da lafiya, kuma a samu mai gilashi wanda ya saba da aikin igiya a kan tsofaffin Peugeot 504 da Marsandi, ba wanda gam kaɗai ya sani ba. Sai dai mai mota ya sani, idan warin hayaƙin salansa ne ke damunsa a ciki, abin da aka san 240Z da shi, wannan robar ba za ta magance shi ita kaɗai ba. Hayaƙin ya fi bi ta robobin bakin murfin but, na ciki da na waje, da kuma na bayan fitilun baya, kuma kowannensu daban ake sayensa.