Yawon cin abinci a ƙauyukan Modena a ƙasar Italiya: cukun ya burge ni, abincin rana ya ɓata min rai

Tsarin yini ɗaya ne: gidan cuku da safe, gidan balsamiko (wani ruwan tsami na inabi) kafin azahar, sai abincin rana a wani gidan gona, irin wanda suke kira agriturismo.

Gidan cukun dai ba laifi ko kaɗan. Amma a je kafin ƙarfe takwas, don aikin cukun Parmigiano Reggiano na sassafe ne. Wanda ya makara tukwane wankakku zai tarar. Madarar jiya da yamma da aka yaye mata mai ake haɗawa da ta safe a tukunyar jan ƙarfe mai cin wajen lita 1,100, cuku biyu kacal ke fita, kowanne kusan kilo 40. Yana kwana kusan 20 a ruwan gishiri, sannan a jera shi a kan katako. Bayan wata 12 mai dubawa zai bi shi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, idan akwai rami a ciki sautin zai tona. A sayi na wata 24, shi ne ke ɗan gurzar haƙori kamar da yashi a ciki.

Balsamikon asali ruwan inabi ne dafaffe da ke shekara aƙalla 12, wani ma 25 ko fiye, a gangunan katako a saman bene. 'Yar kwalbar mililita 100 ce, ɗigo biyu a kan cuku ya isa.

To, abincin rana. An sanar da su tun wajen yin rajista cewa ba alade, ba giya. Sun ɗauke yankakken naman, sun ɗauke giyar Lambrusco, sai ga gnocco fritto da zafinsa, wato ƙullin fulawa da ake soyawa ya kumbura kamar fanke. Da aka tambaya, ashe a kitsen alade aka soya shi! A wajensu "maiale", wato alade, naman kawai ake nufi. Kitsen sunansa "strutto", ba su ma lissafa shi. Haka tigelle, wasu 'yan ƙananan gurasa, ana shafa musu lardo, wani kitsen aladen, da aka daka da tafarnuwa. Tortellini kuwa, taliyar da ake cusa wa nama, naman cikinsa alade ne, miyar nama ta ragù ma da pancetta, naman tumbin alade, ake fara ta. Shinkafar risotto, bayan an ɗan soya ta, giyar inabi ake tsiyaya mata kafin romo. Don haka cewa "senza maiale", wato ba alade, kaɗai ba ta isa ba. A ambaci strutto, lardo, pancetta da vino (giyar inabi) ɗaya bayan ɗaya, a rubuce, kwana biyu kafin zuwa.

Na so in yi musu uzuri, don da suka gane sai suka kawo taliyar tortelli mai cukun ricotta da ganye cikin man shanu, kuma wallahi ya yi daɗi. Amma da lissafi ya zo, kuɗin cikakken tsari suka caja har da giyar da ko buɗe ta ba a yi ba, ga coperto, kuɗin zama a tebur, a kai. Ƙarfe biyu da rabi kicin ya rufe, a ƙauye kuma babu inda za ka sake cin abinci sai wajen bakwai da rabi na dare.

Cuku da balsamiko, a je. Abincin ranar da aka haɗa cikin tsarin, a cire shi a nemi nasa daban.