Tulun ado na tangaran da tulunmu na ƙasa

Yaya Hajiya, kin ce kin ga wani tulun ado a waya, na wata mai ginin tangaran da hannu, kuɗinsa ya isa ya sayi randa goma a kasuwar Wudil ranar Juma'a, kina tambaya ko ba yumɓu ɗaya ba ne da namu, ko tsada ce kawai ta 'yan birni.

Yumɓu ne duka, amma wutar da suka sha ba ɗaya ba ce. Maginanmu suna jera tukwane a fili, su lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, su cinna wuta. Zafin ba ya kaiwa digiri 1,000. Shi ya sa jikin tulu yake fitowa da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake naso, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Wannan nason da kike gani a gindin randa, inda ƙasa take zama a jiƙe har kaji su zo su kwanta da rana, shi ne firjin. Ba aibu ba ne.

Wancan kuwa a rufaffen tanderu ake gasa shi, zafi ya haura digiri 1,200, har yumɓun ya haɗe ya zama kamar dutse, a bi shi da shafe mai ƙyalli irin na faranti. Ɗigo ɗaya ba ya fita. Ki zuba masa ruwa a watan bazara, da ɗuminsa za ki sha. Amma ga fure a ɗakin amarya ya fi. Ni na taɓa ɗora ƙaramin tulun ƙasa a kan kabet da fure a ciki, kwana biyu ya bar mini zagayayyen tabo a katakon, har yau yana nan.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Matar da ke bayan naira ashirin, Ladi Kwali, tulunan ruwa irin na Gwari take ginawa da hannu, ta zana musu ƙadangare da kifi da kunama. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Can aka riƙa gasa tulunanta a tanderu da shafe. Suka yi kyau, suka kuma yi nauyin da ba mai ɗauka zuwa rijiya, sai suka koma kayan kallo har Ingila.

Tsadar daga nan take: tace yumɓu, wutar tanderu, waɗanda suke fashewa a ciki, ga shi kowane guda ba shi da ɗan'uwa.

In za ki saya wa 'yar taki, kada ki biya daga hoto. Ki ƙwanƙwasa da farce: na ƙwarai ƙara yake yi kamar ƙararrawa, namu "kwaf-kwaf". Ki juya gindin, za ki tarar ba shafe, sau da yawa da hatimin mai ginin. In kin ga siririn layi ya tsaga shi daga baki zuwa gindi, kuma ga irinsa sak guda ashirin a shago, na inji ne, kada a karɓi kuɗin aikin hannu a wurinki. Randa dai ki fara saya mata, don gidan da za a kai ta wutar lantarki sai an ga dama.