Wata huɗu ina shan Methyldopa da ciki

Cikina na uku yana wata biyar jinina ya fara hawa. Ranar awo nas ta ɗaura min na'ura a damtse, ta duba, ta yi shiru, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun: 152 bisa 98. Mai ciki da zarar ta kai 140 bisa 90 ake fara sa mata ido, saboda tsoron jijjiga. Ranar sai da na ga likita, aka duba fitsari, aka rubuta min maganin hawan jini Methyldopa mai miligiram 250, ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare.

Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aikinsa. Kafin sati biyu na sauko 134 bisa 84, kuma a nan na yi ta zagaye har na haihu. Ba shi da tsada, ba na shan wahalar samunsa a kyamis, kuma tsohon magani ne, tun wajen 1960 ake amfani da shi, shi ya sa likitoci suka natsu da ba masu ciki.

Amma barci! Ba irin na mai ciki da na saba ba. Sau biyu ina idar da azahar na kife a kan sallaya, kiran la'asar ne ya tashe ni. Wata rana wake ya ƙone ƙurmus ina zaune a kujera 'yar tsugunno a gaban tukunyar. Ga bushewar baki, ga toshewar hanci, in na miƙe daga sujada da sauri sai ɗakin ya juya. Bayan kwana goma barcin ya ragu, jirin kuwa sai dai na koyi tashi a hankali.

Abin da ya fi damuna ya zo daga baya. Sai na wayi gari ba abin da ke min daɗi. Yara su dawo daga Islamiyya da surutunsu, ni kuwa kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Maigida ya yi ta tambaya ko wani abu ya yi min. Ƙanwata mai karatun haɗa magunguna ce ta ɗauki kwalin ta ce, "Yaya, ki dubi ƙarshen sunan mana." Ashe "dopa" ɗin nan shi ne abin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, sinadarin da ke da hannu a walwala da kuzari. Maganin yana kama da shi, sai ya bi hanyarsa a ƙwaƙwalwa, ya rikiɗe ya zama wani sinadari da ke rage umarnin da ke sa jijiyoyin jini su tsuke. Jini ya sauka, amma dofamin na gaskiya ma yakan ragu. Shi ya sa wasu ke shiga ƙunci. Abin da ya ba ni haushi shi ne a asibiti ba wanda ya taɓa tambayata ko na taɓa fama da damuwa, alhali tambaya ce da ya kamata a yi kafin a rubuta shi.

Ƙanwar tawa ce kuma ta gaya min ƙoda ma tana haɗa nata dofamin ɗin, wanda ke taimaka mata fitar da gishiri ta fitsari. Wannan aiki daban ne da na maganin, amma shi ya sa na fahimci dalilin da likita ya nace a kan rage gishiri da dunƙule. Da na haihu na ƙi kunun kanwa, don kanwa ma dangin gishiri ce. Hajiya ta yi faɗa sosai, wai mu 'yan boko ba ma jin magana, sai da maigida ya lallashe ta.

Kwana biyu da haihuwa aka cire min Methyldopa aka koma wani maganin hawan jinin, Nifedipine, don kada ƙuncin ya haɗu da na jego. Kafin suna na ji kamar an ɗage labule.

Zan sake sha idan aka rubuta min a wani cikin? Zan sha, kuma ba zan tsayar da shi da kaina ba ko da ya dame ni. Sai dai ranar farko zan gaya wa likita yadda muka yi da shi a wannan karon, in tambaye shi ko Labetalol, shi ma maganin hawan jini, zai dace da ni.