Dattijon da ya tayar da amfilifayar masallacinmu a Aboabo

Saura kwana biyar Mauludi amfilifayar masallacinmu, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ta mutu. Da ka kunna sai fiyus ya ƙone. Na kinkime ta zuwa wani ɗan shago a unguwar Aboabo da ke ƙasar Gana, wurin wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare.

Bai ba ta wuta kai tsaye ba. Ƙwan fitila mai wat 100 ya haɗa a layin wutar, ƙwan ya haska tar, ya ƙi dushewa, alamar amfilifayar tana zuƙar wuta fiye da kima.

"Alhaji, wani abu ya haɗe a ciki," in ji shi.

Da mita ya gano taransisto 2SC5200 guda, cikin masu tura sauti zuwa lasifika, ya ƙone, ya tafi da resisto (mai taƙaita wuta) mai om 0.22 da ke ƙafarsa. Ya canja har da abokin aikinsa 2SA1943. Jabu sun cika kasuwa, ya ce, ya fasa ɗaya ya nuna mini ɗan mitsitsin silikon ɗin cikinsa. Kafin ya jona lasifika sai da ya auna mafitar sauti, ya ga wutar da ke yoyo milibolt 20 ce kacal, ba za ta cutar da lasifika ba.

Matsalarsa alƙawari. Ya ce Talata, sai Alhamis na karɓa, ladan yana ta kira da baki.

Ya kuma yi mana faɗa kan lasifika huɗu masu om 8 da muka jibga wa mafitar sauti ɗaya, suka koma om 2, nauyin ya yi wa amfilifayar yawa.