VirtualBox ko VMware: wacce ta fi sauƙin sakawa da cirewa?

Wani ƙaninmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya yi tambaya: yana son ya riƙa kunna Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin na Linux, a cikin Windows a kwamfutarsa ta tebur, ya saka manhajar VirtualBox mai yin wannan aiki ta ƙi tashi, ko ya cire ta ya koma takwararta VMware?

Ƙanena, kada ka cire komai tukuna. Dukansu biyun ba su aiki yadda ya kamata sai an kunna VT-x, saitin da ke ba injin Intel damar ɗaukar kwamfuta a cikin kwamfuta, a BIOS (saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi), ko takwaransa SVM idan injin naka AMD ne. Wasu kwamfutocin suna zuwa da shi a kashe. Alamarsa ita ce ka je zaɓen Ubuntu ka tarar da 32-bit kaɗai, babu 64-bit. In kuwa ta tashi amma tana jan ƙafa, ka kuma hango ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, to Hyper-V, tsarin Windows mai yin irin wannan aiki, shi ne ya riga ta kama wurin, kashe shi.

Wajen sakawa, VirtualBox ta kamfanin Oracle ta fi sauƙi. Ba ta cin data sosai, ba ta neman rajista. Abin da take nema kawai, daga sigar 7, shi ne a fara saka Visual C++ Redistributable na Microsoft, in babu shi za ta tsaya cak. Intanet zai ɗan yanke lokacin sakawa, ba lalacewa ba ce. Ita kuwa VMware Workstation Pro, tun 2024 ta zama kyauta bayan Broadcom ya sayi kamfanin, amma sai ka buɗe asusu a shafinsu kafin ka sauke, kuma ta fi nauyi. Idan ta zauna dai, a ganina ta fi santsi.

Cirewa ce ke da ƙura. VMware tana dasa katunan sadarwa na gaibu, VMnet1 da VMnet8, da wasu ayyuka masu tashi tare da Windows. Wanda ya goge jakarta da hannu, ko aka ɗauke masa wuta ana tsakiyar cirewa, sai ya ga sabuwa ta ƙi shiga, tana cewa akwai tsohuwa. Maganinsa ka sake kunna fayil ɗin da ka saka ta da shi, ka zaɓi Remove, ka kashe kwamfutar ka kunna. VirtualBox takan fita lami lafiya, sai dai tana barin jakar VirtualBox VMs da duk faifan ajiya na gaibu da ka ƙirƙira wa Ubuntu, shi ya sa wurin ajiya ba ya dawowa. Ka duba ciki da kyau kafin ka goge, don aikinka yana nan.

Ga mai koyo da ƙaramar data da RAM 8GB, ni VirtualBox zan ce ya riƙe. Ka ba Ubuntu 4GB, ka bar wa Windows sauran, kuma kada ka taɓa sakawa ko cirewa sai kana kan UPS ko inbata.